Idon Malama Kubra da Ya Ƙafe

Ranar Talata, tara ga watan Maris na shekarar 2004, ina cikin aji a makarantar firamaren da nake koyarwa a Shinkafi, aka ce ana sallama da ni a bakin ƙofa. Direban wata motar Kaura ne. Ya sunkuyar da kai ya ce Malam Jelani ne ya aiko shi, Allah ya yi wa maiɗakinsa Malama Kubra rasuwa da hantsi, za a yi jana'iza bayan la'asar. Mu duka mallakar Allah ne, kuma wurinsa za a tattara mu. Na ajiye alli na shiga motar, ko gida ban biya ba.

Kubra, yanzu an share makoki, baƙi sun watse, shi ne na samu zama in rubuta wannan. Ga wanda bai san mu ba, ni taubashiyarki ce. Mahaifiyarki, Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina ce, kuma a Birnin Tsaba muka tashi, gida na kallon gida. Tun muna kai abinci gona muke tsokanar juna, har aure ya kai ki Kaura Namoda, aiki ya kawo ni Shinkafi, ba mu fasa ba. Kowa ya san ban taɓa yabonki a gaban idonki ba, don da na fara za ki ce wani abu nake nema. Yau ba ki nan balle ki tare ni, saboda haka zan faɗi abin da na sani.

Makarantar matan aure da kika buɗe a tsakar gidanki ita ce aikin rayuwarki. Bayan azahar za a shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, mata su yi ta shigowa, wata da goyo, wata da ragowar ƙullu a hannu. Akwai waɗanda suka haife ki a cikinsu, ba su taɓa riƙe allo ba sai a gidanki. Na lura ba ki taɓa yi wa babba gyara a gaban yara ba. In tsohuwa ta karkace a Fatiha, sai ki bari a tashi, ki ce, "Inna, taimaka mini da tsintar wagga shinkafa." Kuna tsinta kuna maimaitawa har ta daidaita. Na taɓa ce miki shinkafar gidanki ta fi ta kowa tsakuwa a Kaura, tunda kullum cikin tsintarta ake. Kika yi dariya kika ce in rufa miki asiri.

Babban abin tsokanata a kanki shi ne saurin kuka. A yanka akuyar da kika kiwata, kuka. A zo kai amarya ko ba ki san ta ba, ki fi uwarta kuka. In kuwa kina jan baƙi kika iso ayar rahama ko ta azaba, murya ta sarƙe, mata su yi jugum suna jira ki share ido. Nakan ce da hawaye na ban-ruwa, da fadamar garinmu ba ta san rani ba. Ban san akwai ranar da zan nemi ɗigo ɗaya a idonki in rasa ba.

Abin ya faro a hankali, bayan an ba mu jihar Zamfara da kamar shekara guda. Bakinki ya riƙa bushewa, lomar tuwo ba ta wucewa sai da kurɓin ruwa. Kika daina sa kwalli, kika ce kamar an watsa miki yashi a ido. Gindin kunnuwanki ya kumbura, aka ce hangum ne, na yi ta yi miki dariya wai hangum da furfura. Wanzami ya leƙa maƙoshinki ya ce belin da aka cire miki kina jinjira ne ya sake tohowa, ya sa ƙarfe ya cire, kika sha jinya a banza. An sha rubutu, an sha zuma, Malam Jelani ya sayo maganin ɗiga wa ido kala-kala. Ba zazzaɓi, ba kwanciya, saboda haka ba wanda ya kira shi ciwo.

Sai Gwaggo Dije ta rasu, a farkon shekarar da aka fara aiki da shari'a. Muka taru a Birnin Tsaba. Ke kika yi mata wanka, ke kika zauna kusa da makara har aka fita da ita. Kowa na share hawaye, ke kuwa idonki jawur, a bushe. Da wata ce da an ce dauriya ce. Amma ke ce, wadda aka san ta da yi wa akuya kuka. Na ji da kunnena wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa malanta ta sa Kubra ta fi ƙarfin yi wa uwarta kuka. Na juya na harare ta har ta sauya wurin zama.

Maganar mutane ba ita ta karya ki ba. A lokacin gari ya cika da wa'azi, a masallaci, a rediyo, a kaset ɗin kowace mota, kowa ya dawo yana duba tsakaninsa da Ubangijinsa. Ke kuma mai karatu ce, kin daɗe da sanin zancen malamai cewa ƙafewar ido alama ce ta ƙeƙashewar zuciya, ita kuma ƙeƙashewar zuciya yawan zunubi ke kawo ta. Ke da bakinki kin sha faɗa wa ɗalibanki haka. Sai kika ɗauki zancen kika auna kanki da shi, kika yanke wa kanki hukunci. Kika sallami mata kika naɗe tabarmi. Kika shiga neman abin da zai tausasa zuciya, kika ɗora wa kanki azumin Litinin da Alhamis, kika ƙara da na tsakiyar wata. Mai bakin da ba miyau ta riƙa wuni ba ta kurɓi ruwa ba a zafin Kaura. Leɓɓanki suka tsattsage, haƙoranki suka fara marmashewa, ke kuwa gani kike horo ne da ya dace da ke.

Wata Asabar na zo na same ki zaune da Alƙur'ani a cinya, a rufe. Na fara wasa kamar yadda na saba, ba ki biye mini ba. Can kika ce, "Salima, tsoro nika ji. Inna ta rasu ban ɗiga mata ko guda ba. In karanta ayar da ka sa ni kuka tun ina yarinya, in ji shiru. Mi na aikata wanda ban sani ba? Ƙaƙa zan zauna gaban mata ina karantar da su da zuciyar da Allah ya rufe?" Na ce miki duk abin da ya zo bakina, na lissafo miki alherinki, kika girgiza kai kika ce taubashi ba ya shaida. Na koma Shinkafi ranar ina sane da cewa abin da ke cinki ya fi ciwon jiki.

Allah da ikonsa, albasa ce ta buɗe mana hanya. 'Yarki Hamida ta haihu, muka taru yin girkin suna. Aka zube mana kwandon albasar fadama, sabuwar cira, mai yajin gaske. Mata sun kewaye ta da wuƙaƙe, kowa na hawaye da majina yana dariya, har da mai kiran sunan uwarta. Na ɗago ina share fuska da bakin zane, sai na gan ki kina yanka abinki, idon nan ya yi ja kamar gauta, amma ko laima babu. Na ajiye wuƙa na ce, "Ke Kubra, tsaya. Albasa ta san mai zunubi? Ko Fir'auna anka miƙa ma wagga albasa sai ya yi hawaye."

Kika ce, "Bar ni da wasanki."

Na ce, "Wallahi yau ba wasa nika yi ba. Wanga ba aikin zuciya ba ne, asibiti za mu."

Malam Jelani bai yi gardama ba, shi ma ya gaji da ganinki kina ramewa. Lokacin an hana mata hawan baburan kabu-kabu, sai muka taka da ƙafa zuwa asibiti, yana gaba muna biye. An fara zargin ciwon suga, aka auna ba a samu ba. Saboda haƙoranki aka tura mu wurin likitan haƙori, Likita Sabo, ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo gida daga Sakkwato da aka raba ma'aikata tsakanin jihohin biyu. Mutum ne mai sanyin magana. Ya duba harshenki ya ga ya bushe ya tsage, ɗan madubin da ya sa miki a baki har mannewa yake a kumatu. Ya yi ta tambaya, tun yaushe, gaɓoɓi na ciwo, gajiya fa. Ya sa aka maƙala miki wata siririyar takarda a gefen kowane ido, aka jira, aka cire ta kusan yadda aka sa ta.

Sannan ya yi mana bayani. Ya ce Allah ya sa wa jiki dakarun da ke yaƙar cuta, amma akwai wani ciwo da dakarun ke rikicewa su far wa 'yan ƙwayoyin naman da ke tsatso miyau da hawaye, har su ƙafar da su. Ya ce ya fi kama mata masu shekarunmu, kuma ana kiransa Shogiran, sunan likitan da ya fara bayyana shi. Zai ɗebi jini a auna, amma jinin kaɗai ba kullum yake raba gardama ba. Abin da zai tabbatar shi ne a ɗan tsaga cikin leɓen ƙasa, a ciro wasu ƙananan ƙwayoyin miyau da ke nan a ƙarƙashin fata, a aika da su asibitin koyarwa na Zariya a duba.

Malam Jelani ya gyara zama ya ce, "Likita, ido da maƙoshi ka ciwo, mi yak kai mu ga leɓo?"

Likita Sabo ya yi murmushi ya ce, "Malam, in ka je kasuwar hatsi sayen buhun gero, farke shi kakai duka? Ɗan ƙarfen nan akan soka a gefe, abin da ya biyo shi ya gaya maka abin da ke ciki." Ya ce manyan ƙwayoyin suna gindin kunne, jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa ta cikinsu, taɓa su kasada ce. Na leɓe kuwa suna kusa, kuma duk abin da ciwon ya yi wa manyan yakan bar sawunsa a kan ƙananan.

Tambaya ɗaya kika yi, ko za ki iya karatu bayan an tsaga, don akwai haruffan da sai da leɓe suke fita. Bai rufe ki ba. Ya ce yawanci wurin kan warke sumul, amma wasu kan ji ɗan gefen ya mutu na wani lokaci, kaɗan daga ciki ma ya zauna haka. Na zaci za ki ƙi. Sai kika ce, "A yi. Gara in sani."

Ina riƙe da hannunki aka yi, wata ma'aikaciyar jinya ta juya leɓen ta riƙe, Malam Jelani na tsaye a bakin ƙofa yana ta jan carbi. Aka yi allurar kashe zafi, ya tsaga ɗan wuri da bai kai faɗin farce ba, ya riƙa tsinto su ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin wata 'yar kwalba mai ruwan magani, sannan ya ɗinke. Da ya ɗaga kwalbar ya nuna mana, na ce ashe duk rigimar nan a kan abin da bai fi tsabar gero ba ake yi. Kika so ki rama, leɓe ya ƙi, sai kika murɗe mini yatsa.

Jiran ya ɗauki makonni. Ɗinki ya warke, kin koma cin tuwo, amma ba ki fasa azuminki ba, kika ce ai ba a tabbatar ba tukuna. Ranar da aka kira mu, Likita Sabo ya ce a Zariya an yanyanka ƙwayoyin siriri-siriri, an rina su, an duba a na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. An ga dakarun jikin sun yi cincirindo, tsibi-tsibi, a kewayen hanyoyin da miyau ke bi, har sun cinye wani sashe. Jinin ma ya goyi bayan haka. Ciwon ne, babu shakka.

Kika dube shi kika ce, "To Likita, zuciyata hwa?"

Bai san inda tambayar ta fito ba, sai da na yi masa bayani a gurguje. Ya ce, "Malama, ba ni da abin duba wannan zuciyar da kike nufi, wannan sai Allah. Abin da na gani shi ne mafitar ruwan ta lalace. Ko wa ya samu kansa haka, komai taushin zuciyarsa, hawaye ba za su zo ba." Kika rufe fuska da mayafi, kafaɗunki na rawa, sautin kuka na fita, ido kuwa a bushe. Ranar na gane ashe tun rasuwar Gwaggo kuka kike yi, mu da ke duka ba mu gane shi ba.

Ya gaya mana gaskiya cewa ba a warkar da ciwon, sai dai a lallaɓa shi. Ya ba ki ruwan ɗiga wa ido, ya ce ki riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, ki kula da haƙora, ki sassauta azumin nafila, na farilla kuma ki tuntuɓi malamai da bayanin da ya ba ki, kuma kin tuntuɓa. Ya ja kunnenki cewa duk ranar da kumburin gindin kunne ya taurare ya ƙi sauka, ki dawo da sauri. Ba a yi wata guda ba aka sake shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, ke da 'yar gorar ruwa a gefe. Gefen leɓenki ya ɗan jima bai farfaɗo ba, amma ba wanda ya ji bambanci a karatunki sai ke.

Ni na zaci shi ke nan, an wanke ki, a ci gaba da rayuwa. Ke kuwa wani darasin kika ɗauka. Kika ce mini, "Salima, da can ina ganin hawayena shaida ce ina da kirki. Da sunka ƙahe na ce na halaka. Duka biyun ni na yanke, ba a tambaye ni ba." Daga nan in kin zo zancen ƙafewar ido a karatu, sai ki ce wa mata zancen malamai gaskiya ne a wurinsa, amma kada wadda ta ɗauke shi ta auna wata, kuma mai neman auna kanta ta fara tambayar likita. Kika shiga mota har Katuru wurin wata Hajiya Saliha, wadda shekaru da dama baya kika gan ta ba ta kuka a makokin mijinta, kika zarge ta a ranki ba tare da kin gaya wa kowa ba. Kika nemi ta yafe miki abin da ba ta ma san an yi ba. Kuma tun daga lokacin, duk gidan makokin da kika shiga, masu kuka kan samu masu rarrashi, ke kuwa sai ki nemi wadda ta yi zuru a gefe ki zauna kusa da ita, ba ki ce mata komai ba.

Bara da kaka kumburin ya taurare. Kin koma da wuri kamar yadda aka ce, aka tura ku Zariya, aka ce ya rikiɗe ya zama ciwon daji, abin da kan faru ga kaɗan daga masu wannan lalura. An yi magani iya yi, Malam Jelani da ɗanki Anas sun yi ta zirga-zirga ba su taɓa nuna gajiya ba. Daga baya kika ce a mai da ki ɗakinki.

Juma'ar da ta gabaci rasuwarki na zo da yamma. Kin rame, murya ta tafi, sai an jiƙa miki leɓe da auduga kike iya haɗa kalma. Kika nuna mini Alƙur'ani, na ɗauka na fara karantawa da irin karatuna da kika sha kushewa, kina ɗaga yatsa duk inda na karkace. Da na iso wata ayar rahama sai na kasa, hawaye suka ɓalle mini, na kai hannu zan share. Kika riƙe hannun. Kika miƙo yatsa da ƙyar kika lakato daga kumatuna, kika shafa a fatar idonki, ɗaya bayan ɗaya. Kika ce, "Sam mini kaɗan, Salima, ke kina da su da yawa." Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinki.

Ya Allah, Kai ka halicci idon, Kai ka ƙafar da shi, kuma babu abin da ya ɓoyu gare Ka na abin da ke bayansa. Ka sanya baiwarka Kubra cikin waɗanda suka yi kuka don tsoronka, ko da ƙasa ba ta ga ɗigonsa ba. Ka gafarta mata, Ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ta rayu shekarunta na ƙarshe da ƙishi, Ka shayar da ita daga tafkin Manzonka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishi bayansa. Ka haɗa ta da mahaifiyarta a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Jelani, da 'ya'yanta Anas da Hamida da Kulsumu, da danginmu na Birnin Tsaba da Zurmi, da matan makarantarta waɗanda suka rasa uwa. Likita Sabo, Allah ya saka maka da alheri. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Salima Bawa,
Shinkafi.